Jan Ƙarfe a Kwalaban Marwa

Daktora Sara ba ta ce wa Marwa ta zauna ba. Ta dai ce ta rufe ƙofa, sannan ta juyo da allon kwamfuta ta nuna mata layi biyu, ɗaya shuɗi yana tafiya ƙasa-ƙasa, ɗaya ja ya ɗaga kai kamar zai fice daga allon. Shuɗin sakamakon kwalaban Nadiya ne, jan kuma na Marwa. Ruwan kuwa ɗaya ne, a wuri ɗaya suka ɗebo shi, rana ɗaya, ita da Nadiya suna tsaye kusa da juna cikin laka.

Su biyu ne ɗaliban Daktora a wannan binciken, a sashen kimiyyar sinadarai na jami'a. Aikin nasu a kan mahaɗar ruwa ne, wato inda wani kwari ke zuba cikin Bahar Maliya, can wajen Yanbu. Kwarin a bushe yake kusan duk shekara. Sai an yi ruwa mai ƙarfi a kan duwatsu ambaliya ke tasowa, wadda mutanen nan ke ce wa sel, ta kwaso ganyen ƙaya da kashin awaki da ruɓaɓɓen ganyen dabino ta kai su bakin teku. A nan ruwan yakan koma launin shayi, domin abubuwan sun narke a cikinsa, ko an tace ba sa fita. Abin da ake son sani shi ne yadda wannan narkakken ruɓi ke kama ƙarafan da ke cikin ruwa, jan ƙarfe da tutiya da dalma, ya riƙe su ya rage shigarsu jikin kifi. Ƙarafan kaɗan ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, harshe ba ya jin su. Shi ya sa ko zobe ba a sawa a wajen aikin, kwalaban ma na roba ne da aka jiƙa cikin asid, ba a taɓa bakinsu sai da safar hannu.

A makon da sel ta zo, tallajar, wato firjin da ake sanyaya ruwan gwaji a ciki, ta lalace, ruwan kuma dole ya zauna cikin sanyi. Sai suka raba kwalaban, kowane wuri kwalba biyu, ɗaya ta tafi gidan su Nadiya a unguwar Anbariyya, ɗaya gidan su Marwa a unguwar Jurf, har aka gyara tallajar aka dawo da su. Yanzu ga shi na'ura ta ce kwalaban Marwa cike suke da jan ƙarfe, wasu sun ninka na Nadiya nesa ba kusa ba.

Da duka kwalaban ne suka hau daidai da juna, da an ce datti ne ya shiga. To amma waɗanda suka fi hawa su ne na bakin kwarin, kusa da inda masunta ke yi wa jiragensu fenti. Kuma Marwa ce, tun kafin ruwan ya sauka, ta tsaya a gaban 'yan sashe ta ce tana zaton fentin jiragen yana zubar da jan ƙarfe a wajen. Daktora ta tuna mata wannan a hankali, tana gyara gilashinta. Ta ce ta taɓa ganin ɗalibin da ya so hasashensa ƙwarai har ya ɗan taimaka masa.

"Ban ce kin zuba komai ba," in ji ta. "Amma kwamiti zai zauna ranar Lahadi mai zuwa, za a tambaye ni, ni kuma ba ni da amsa. Ki kawo mini ita. In babu, sunanki zai fita daga aikin, kuma kin san abin da za a rubuta a kanki."

Ta karɓi katin shiga ɗakin gwaji daga hannun Marwa ta jefa a aljihun tebur.

Marwa ba ta yi kuka a jami'a ba. A cikin mota ma ba ta yi ba, sai dai ta riƙe jakarta a cinya tana bin abin daki-daki. Ta san ba ta zuba komai ba. Kwalaban ba su buɗe kansu ba. To wa ya shiga kicin ɗinsu a wannan makon? Motar na wuce gonakin dabinon da ke hanyar Jurf ta tuna cewa Nadiya ta zo gidan sau ɗaya, ta kawo mata akwatin ƙanƙara da ta ara, kuma ta ce ƙishirwa take ji, ta shiga kicin ita kaɗai. Ta ɗan daɗe ma. Ko ba ta daɗe ba? Da Marwa ta sake tunawa, sai ta ga kamar ta daɗe.

Nadiya dai ba mai yawan magana ba ce. Kakanninta ta Sudan suka biyo suka zo, tana jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa. Tana da tsabtar aiki, ba ta taɓa ɓarar da komai ba, kuma ranar da Marwa ta yi maganar fentin jirage a gaban mutane, Nadiya ce ta ɗaga hannu ta tambaye ta wace hujja gare ta. A lokacin Marwa ta ɗauka tambaya ce kawai. Yanzu kuwa ta tuna cewa idan aikin ya fita, sunan ɗaliba ɗaya ne zai zo farko.

A gida ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce an ba su hutun rubutu. Ummanta, wadda ke koyarwa a wata makarantar 'yan mata, ta ce alhamdulillahi, ko a huta da warin teku a tallaja. Yayanta Zubair, mai aiki a wani masaukin baƙi kusa da Harami, ya ce shi da ma ya kusa shan ɗaya daga kwalaban da ya dawo daga aiki, Allah ne ya kare shi. Marwa ta ɗago ta dube shi sosai har ya tambaye ta lafiya. Kakarsu Hajiya Ƙaltume, wadda suke kira Sitti, tana gefe a kan darduma tana cire ƙwallon dabino.

Da yamma Marwa ta buɗe akwatin ƙanƙarar da suka yi tafiya da shi. Akwai sauran wankakkun kwalabe da ba a yi amfani da su ba. Ta cika su da ruwan sha, ta ɗiga wa wasu shayi har suka yi launin ruwan mahaɗa, ta rubuta musu lambobi irin na aikin. A bayan kowace ta yi ɗan ɗigo da jan farce daidai inda ruwan ya tsaya. Ta jera su a ƙasan tallaja, inda na farkon suka zauna. Sannan ta kira Nadiya ta ce ta zo gobe su ci abincin rana, tana son su yi shawara a kan abin da ya faru.

Nadiya ta zo. Ta gaida Sitti, ta zauna, ta ce ita ma abin ya hana ta sukuni. Ta ce ta sake wanke bututun na'urar ta sake gwadawa, sakamakon bai canja ba. Ta tambayi Marwa ko akwai wata tsohuwar tukunya a tallajar da ke ɗiga, ko kwalaban sun taɓa kwanciya a gefensu. Marwa tana amsawa tana kallon hannuwanta. Ta lura ba ta sa zobe ba. To da ma ba ta sawa. Amma jakarta babba ce, kuma ba ta ajiye ta a falo ba, ta shigo da ita har inda suke zaune.

Da aka kusa zuba abinci Marwa ta ce mata don Allah ta ɗauko musu laban, wato nono, a tallaja, ita za ta shiga ɗaki ta fito. Ba ta shiga ɗakin ba. Ta tsaya a bayan labulen soro tana saurare. Ta ji an buɗe tallajar. Ta ji ƙarar injinta ta ƙaru, kamar yadda take yi idan an bar ƙofar a buɗe. Ƙofar ta daɗe a buɗe. Daga baya aka rufe.

Suka ci shinkafa da kaza, Sitti tana yi wa Nadiya tsiya da Hausa wai ta rame, ko a gidansu littafi ake dafawa. Nadiya ta yi murmushi ta amsa da Larabci. Amma ba ta ƙara kallon Marwa ba har aka gama. Sai da ta zo bakin ƙofa tana gyara abayarta ta yi magana, ƙasa-ƙasa yadda tsohuwar ba za ta ji ba.

"Ni na karɓi kwalabanki ranar da aka mayar da su, ya Marwa. Babu wadda ta rage a gidan nan." Ta ja mayafinta. "Shayin kuma ya yi yawa. Ruwan mahaɗa bai kai haka duhu ba."

Ta fita. Marwa ta tsaya riƙe da ƙofar har motar da ta zo ɗaukarta ta sha kwana. Kunya ta kama ta, amma ba ta hana ta komawa kicin da sauri ba. Ta fito da kwalaban ɗaya bayan ɗaya ta ɗaga su a hasken taga. Ruwan yana nan daidai kan ɗigon jan farce. Ta ce a ranta, ai dole, tunda Nadiya ta gane tarko ne. Wannan bai wanke ta ba. Ta mayar da su don ba ta san inda za ta kai su ba.

Washegari da hantsi ta zo ta zubar da su, sai ta ga ruwan ya wuce ɗigon. Kaɗan ne, bai fi faɗin farce ba, amma ya wuce a kowace kwalba, kuma ya fi wucewa a waɗanda ta fi sa wa shayi. Murfin ɗaya ma ba a ɗaure shi daidai ba.

Ta zauna a kan kujerar kicin. Nadiya ba ta kwana a gidan ba. Ke nan mai abin yana ciki, yana cin abinci tare da ita. Ta tuna maganar Zubair, wanda ya san inda kwalaban suke har ya kusa sha. Ta tuna Umma da ƙorafin wari, ko tana zuba musu wani maganin wanki don kashe warin? Ta leƙa saman tallajar ta ciki ko wani bututu ne ke ɗiga, ta shafa, a bushe yake, kuma ɗiga ba ta kwance murfi. Ranar duk wanda ya shiga kicin sai ta sami dalilin bin sa. Umma ta tambaye ta ko yunwa ce ke damunta. Zubair ya ce in tana neman aikin gadi akwai gurbi a masaukinsu.

Ta goge ɗigon ta yi sabo. Da gari ya waye, bayan Umma da Zubair sun fita, ta sa abaya ta yi wa Sitti sallama ta ce za ta laburare. Ta buɗe ƙofar gida ta rufe da ƙarfi, ta cire takalmi ta dawo a hankali ta shige ɗakin ajiya da ke manne da kicin, ta zauna a kan buhun shinkafa ta bar ƙofar a ɗan buɗe. Tunaninta ko ɗaya daga cikin su biyun zai dawo da sunan ya yi mantuwa.

Babu wanda ya dawo. Abin da ta ji shi ne jan silifa a hankali daga ɗakin Sitti. Tsohuwar ta shigo riƙe da wata ƙaramar tasa ta tagulla da hannu biyu, tana tafiya a hankali don kada ruwan ciki ya zube. Marwa ta san tasar. Tasar tsoro ake ce mata, cikinta duk an zana ayoyi, mahaifiyar Sitti ce ta zo da ita a ƙullin kayanta tun zamanin da ake tahowa aikin hajji a ƙasa. Wanda ya firgita ake ba ruwa a ciki. Sitti ta ajiye ta a kan tebur, ta buɗe tallaja, ta durƙusa da ƙyar tana dafa ƙofar, ta fito da kwalba ɗaya, ta kwance murfin da yatsunta masu lalle, ta ɗebi ruwan tasar da cokalin shayi ta zuba tana motsa baki.

"Sitti."

Tsohuwar ba ta firgita ba. Ta juyo ta dube ta daga sama har ƙasa, da garin shinkafa a abayarta.

"A'a, laburaren ke nan? Ashe kusa yake."

Marwa ta tambaye ta me take zubawa. Sitti ta ce Zamzam ne, me kuwa za ta zuba. Ta ce tun da magariba take cika tasar daga jarkar da Zubair ke kawowa, ta rufe ta da farin ƙyalle ta kwana, da safe ta zo ta raba wa kwalaban. Haka ta yi wa na farkon ma, kullum, har aka kwashe su. Waɗannan sababbin kuwa jiya ta fara ba su, don sai shekaranjiya ta gan su. Ta faɗi haka ne tana ɗaure murfin, kamar mai ba da labarin yadda ake dafa miya.

Da Marwa ta tambaye ta dalili, sai ta tuna mata ranar da suka dawo daga Yanbu. A hanya sel ta kusa jan motarsu a wata gada, Marwa ta shigo gida a firgice, ta kwana tana zabura. Sitti ta kawo mata ruwa a tasar, ita kuma ta ture hannunta ta ce tsohuwar tagulla ce, ba a san abin da ke fita daga jikinta ba.

"Kin ƙi sha, ban yi miki dole ba. Na ga hankalinki duk yana kan ruwan nan, kina buɗe tallaja kina leƙa su kamar jarirai. Na ce to, in bai shiga cikinki ba ya shiga inda zuciyarki take." Ta ɗaga kwalbar da ta fi duhu. "Irin waɗannan na fi ba su. Dubi yadda suka yi, ai sun fi buƙata."

Marwa ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Kwalaban da suka fi duhu su ne na bakin kwarin, kusa da jirage. Ta yi ƙoƙarin yi mata bayani, cewa ruwan da ya kwana a tagulla yana ɗaukar jan ƙarfe da tutiya, cewa cokali ɗaya ya ishe shi ya rinjayi duk abin da ke cikin kwalbar, cewa ana zarginta da ha'inci kuma za a iya cire ta daga aikin. Hausarta ta ƙare a tsakiya ta koma Larabci. Sitti ta saurara, goshinta a tamke. Ta ce ita ba ta yarda ruwa mai albarka zai ɓata abu ba. Marwa ta ce ba ruwan ba ne, tasar ce. Sitti ta ce tasar ta shayar da mutanen gidan nan tun ba a haifi uban Marwa ba, babu wanda ya zama ƙarfe. Amma bayan haka ta ɗauki tasar ta rungume a ƙirji, ta tambaya ko da gaske korarta za a yi.

A hanyar jami'a Marwa ta shirya maganar ta rushe ta sau da yawa. Ta san yadda za ta fito a bakin mutane, ɗalibar kimiyya da kakarta ke yi wa kwalaban gwaji tofi. Ta san waɗanda za su yi dariya a ɗakin shan shayi, da abin da za su ce game da irin gidan da ta fito. Ta yi tunanin cewa kawai wata tukunya ce ta ɗiga. To amma Daktora za ta tambaya yadda tukunya ta kwance murfi ta kuma zaɓi kwalabe.

Ta faɗi gaskiya a tsaye, idonta a kan teburin. Daktora Sara ba ta yi dariya ba. Ta ce ita ma kakarta tana da irin wannan tasar a Makka. Marwa ta fara jin sauƙi, sai Daktora ta ci gaba da cewa shi ya sa labarin ya yi mata kyau da yawa. Labari ne da kowa zai so ya yarda da shi, kuma ya zo daidai lokacin da ake buƙatarsa. Ta ce a kawo tasar a gwada.

Marwa ta kira gida a gabanta. Sitti ta ce tasar ba ta taɓa fita daga gidan ba sai ranar da suka yi ƙaura daga tsohuwar unguwa, kuma ba za ta je inda ake jiƙa abu cikin asid ba. Marwa ta yi rantsuwa ba za a taɓa ta da komai ba. Sitti ta ce ita ma da ta zuba ruwan ba ta yi nufin ɓarna ba, ga shi an yi. Ruwan da ya kwana a ciki dai za ta bayar, ko nawa ake so.

Daktora ta ce to, amma ba ta hannun Marwa ba, domin ruwan da Marwa ta kawo ba ya tabbatar da komai. Ta aika a kira Nadiya. Ta gaya mata gobe da safe ta je Jurf da wankakkun kwalabe biyu, ta ɗebo ɗaya daga jarkar kai tsaye, ɗaya daga tasar, ta gwada su da kanta. Nadiya ta ce tayyib, wato to. Ba ta dubi inda Marwa take ba.

Ta zo da hantsi, da safar hannu da akwatin ƙanƙara. Marwa ta buɗe mata ƙofa ta fara cewa tana son su yi magana, Nadiya ta ce aiki ta zo yi. Sitti tana zaune a falo da tasar a gabanta a rufe da farin ƙyalle, ta sa turare kamar mai jiran manyan baƙi. Nadiya ta durƙusa ta gaishe ta, ta tambaye ta tun yaushe ruwan yake ciki, ko wani ya taɓa shi bayan ita. Sitti ta ce a ɗakinta ya kwana, ita kuma ba ta da nauyin barci, sannan ta harari Marwa ta ce wasu dai sun iya laɓewa amma ba su kai nan ba. Nadiya ta cika kwalbar farko daga jarka, ta biyu kuma ta bar tsohuwar ta tsiyaya mata da hannunta. Ta ɗaure, ta naɗe murafen da salatif, ta sa hannu a kai.

Ruwa kaɗan ya rage a tasar. Sitti ta miƙa mata.

"Shanye, 'yar nan. Ke ma fuskarki ba ta mai kwanciyar hankali ba ce."

Nadiya ta cire safar hannu ɗaya, ta karɓa da bismillah ta shanye, ta ce Allah ya ƙara wa Sitti lafiya. Ta ɗauki akwatinta ta tafi.

Daga nan babu abin da ya rage wa Marwa sai jira, kuma jiran bai zo mata da sauƙi ba. Duk abin da zai wanke ta yana cikin akwatin da Nadiya ta fita da shi. Daga Jurf zuwa jami'a tafiya ce mai ɗan nisa. Mutum zai iya tsayawa a hanya ya zubar da kwalba ya cika ta da ruwan shago, ya sake naɗa salatif, tunda sa hannun nasa ne. Ko ba ta yi haka ba, a gaban na'ura ita kaɗai za ta tsaya. Marwa ta san wannan tunanin ne ya kai ta bayan labule, ta san ya kamata ta ji kunyarsa, ta kuma ji, amma bai tafi ba. Ta ɗauki wayarta ta rubuta wa Nadiya saƙon ban haƙuri, ta goge, don kada ya zama kamar tana lallashinta ne saboda sakamakon. Ta sake rubutawa ta sake gogewa. Juma'a da Asabar suka wuce babu wanda ya kira. Sitti ta daina yi mata tsiya, ta koma aiko mata da shayi ta hannun Zubair.

Ranar Lahadi da rana Daktora ta kira ta ofis. A wannan karon ta nuna mata kujera. Ta ce ruwan jarkar lafiya lau yake. Na tasar kuwa sai da aka sirka shi kafin na'ura ta iya karantawa, kuma yadda jan ƙarfe da tutiya suka zo tare a cikinsa, haka suka zo a kwalaban Marwa. Nadiya ta maimaita gwajin, ta kuma kira wani malami ya tsaya a kanta lokacin da take yi, ba tare da an ce ta yi haka ba. Kwamiti ya karɓa. Za a rubuta cewa ruwan ya gurɓata a wajen ajiya, ba za a ambaci kowa ba.

Za a zubar da kwalaban Marwa duka, a ci gaba da na Nadiya. Su kuma ba su nuna wani jan ƙarfe na a zo a gani kusa da jiragen ba, don haka maganar fenti sai ta jira wata sel ɗin, in Allah ya kawo ta. Daktora ta buɗe aljihun tebur ta turo mata katinta. Ta ƙara da cewa daga yau babu kwalbar da za ta kwana a gidan kowa, kuma an sa wa tallajar ɗakin gwaji kwaɗo. Makullin yana hannun Nadiya, duk mai son ruwa ya tambaye ta.

Marwa ta sami Nadiya a bakin na'ura tana wanke bututu. Ta tsaya a gefenta ta ce ta gode, ta kuma ce ta yi kuskure, ba ta da abin da za ta kare kanta da shi. Nadiya ta ci gaba da wankin har ta gama, ta ce ta ji. Ta tambaya ko Sitti tana lafiya. Marwa ta ce lafiya lau, tana gaishe ta.

Marwa ta juya ta dubi tallajar. Sai ta ce tana buƙatar kwalbar bakin kwari, za ta fara auna ruɓin da ke ciki. Nadiya ta share hannu, ta ciro makullin daga aljihun farar rigarta. Marwa ta miƙa hannu, amma Nadiya ta wuce gaba ta buɗe tallajar da kanta, ta fito da kwalbar, ta ɗaga ta a haske ta duba inda ruwan ya tsaya, sannan ta ba ta. Ta jawo kujera ta zauna a ɗaya gefen teburin, inda za ta riƙa ganin hannuwan Marwa.